Daga Maraɗi zuwa kurmi da kamara: ta ina zan fara, kuma yaya ake ɗaukar hoton mutane?

Habu_Mai_Hoto
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Sana'ata ɗaukar hoto ce a nan Maraɗi, kuma da bukukuwan aure da suna da hawan salla nake ciyar da iyalina. Na daɗe ina da burin zuwa dazuzzukan kurmi na ƙasashen kudu, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa, domin in ɗauko hotunan namun daji da manyan itatuwa da mutanen da ke zaune a cikinsu. Abin da ke damuna shi ne, kusan duk hoton giwar kurmi ko goggon biri da na taɓa gani, idan na duba sunan wanda ya ɗauka sai in tarar Bature ne, alhali dajin a nahiyarmu yake. Ina neman shawararku a kan abu biyu. Wane daji ne mai ƙaramin ƙarfi irina zai iya kaiwa ya dawo da abin nunawa? Sannan, wanda ya fi tsaya mini a rai, yaya mutum zai ɗauki hoton mutanen da ba ya jin harshensu ba tare da ya ci musu mutunci ba?

Alhaji_Ɗan_Goro
Wa'alaikumus salam. Ɗana Habu, Allah ya cika maka burinka. Na yi shekaru ina fataucin albasa da goro tsakanin nan da Gana da Kwaddibuwa, saboda haka shawarata ita ce ka fara da dajin Kakum na Gana, wanda ke kusa da garin Kep Kos a bakin teku. An rataya gadoji bakwai na igiya da katako a tsakanin manyan itatuwa, a wasu wuraren tsakaninka da ƙasa ya kusa mita 40, ta yadda za ka ga kurmin daga sama. Hanyar mota tana kaiwa har ƙofar dajin, kuma ba za ka rasa masauki a zangon Hausawa na Kumasi ko Ankara ba kafin ka ƙarasa.

Sani_Libarbil
Alhaji ya faɗi gaskiya game da sauƙin zuwa Kakum, amma ina so Malam Habu ya san cewa wuri ne da baƙi da 'yan makaranta suke cikawa, kuma hayaniyarsu tana korar dabbobi tun da hantsi. Zai samu itatuwa da tsuntsaye da malam-buɗe-littafi, wataƙila da birai idan ya yi sammako, amma giwa tana can nesa da inda ake kai baƙi.

Ni a Gabon nake zaune, kuma na sha raka masu ɗaukar hoto cikin daji a matsayin direba. Babban abin da zai fara ba ɗan Maraɗi mamaki shi ne duhu. Mu a gida rana ce take yi mana yawa, har mai hoto yana neman inuwar da zai tsayar da amarya. A ƙasan kurmi kuwa, hasken da ke ratsowa ta cikin ganye bai wuce kashi 2 cikin 100 na wanda ke sauka a kan itatuwan ba, don haka da tsakar rana ma wurin dishi-dishi yake. Dole kamara ta daɗe ba ta ƙifta ba kafin ta tara hasken da ya ishe ta, kuma a wannan ɗan lokacin biri ya riga ya juya kai, hoton ya dagule. Wanda ya zo da dogon gilashi mai jawo nesa amma mai ƙaramar ƙofar haske, zai koma gida da hotunan da ba za a gane komai a cikinsu ba. Gara gilashi matsakaici mai buɗewa sosai, da kamarar da ke jure ɗaga lambar ISO, wato ma'aunin saurin kama haske, ba tare da hoton ya yi tsakuwa-tsakuwa ba, da sanda mai ƙafa ɗaya ta dogara kamara, domin mai ƙafa uku tana sarƙewa a cikin saiwoyi da kurangar daji.

Na biyu shi ne laima. Ruwan da Maraɗi ke samu a shekara bai wuce milimita 500 da 'yan kai ba, cikin wata huɗu kacal, alhali ƙauyen Debunca da ke gindin dutsen Kamaru yana samun fiye da milimita 10,000. Na ga gilashin kamara mai tsada da fumfuna ta yi wa zare-zare daga ciki, saboda mai shi ya bar shi a jakar fata a rufe. Ana ajiye kayan ne a akwatin roba mai rufuwa gam, tare da ƙullin ƙwayoyin silika masu tsotse danshi, kuma idan mutum ya kwana a ɗaki mai na'urar sanyi, kada ya fito da kamara waje nan take, domin raɓa za ta lulluɓe gilashin ciki da waje.

Malama_Rakiya
Ni tambaya ta biyu ce ta sa na tsoma baki, domin mu mutanen Maraɗi ba sai an ba mu labarin yadda ake ji idan baƙo ya auna mutum da kamara ba. A shekarar 2005, bayan fari da fara sun lalata amfanin gona na damanar 2004, ina aikin jinya a wata cibiya ta kula da yara masu tamowa a nan garin. Masu ɗaukar hoto sun zo daga ƙasashe da dama, kuma ba zan yi musun cewa hotunansu sun jawo taimakon da ya ceci rayuka ba. Amma na ga da idona yadda ake ɗage zanen da uwa ta rufa wa ɗanta domin haƙarƙarinsa su fito a hoto, ita kuwa tana sunkuyar da kai don kunya, babu wanda ya tambaye ta sunanta balle yardarta. Na ga an wuce yaron da ya fara murmurewa yana wasa da cokali, an nufi wanda ya fi kowa ramewa. Har yau idan aka nemi sunan garinmu a intanet waɗannan hotunan suna fitowa, yaran kuwa da suka rayu sun zama magidanta da matan aure, kuma ba su san cewa tsiraicinsu yana yawo a duniya ba.

Saboda haka ƙanena Habu, idan ka isa wurin mutanen kurmi, ka tuna cewa a can kai ne baƙon da ya zo da kamara. Baƙar fatarka ba za ta wanke ka ba idan ka yi musu abin da aka yi mana.

Habu_Mai_Hoto
Yaya Rakiya, na gode ƙwarai. Abin da kika bayyana shi ne ainihin abin da nake tsoron aikatawa.

Tsohon_Jami'in_Daji
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina da ja a kan tushen maganar. Malam Habu, ka taɓa zuwa Gadabeji? Gandun daji ne a cikin jiharmu, arewa da Dakwaro, an keɓe shi tun 1955, faɗinsa kimanin hekta 76,000, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren da take karewa a 2017. A watan Nuwamba na 2018 aka ɗauko raƙuman dawa 8 daga yankin Kure da ke kusa da Yamai, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su a babbar mota aka sake su a can, bayan kusan shekara 50 ba a ga irinsu a yankin ba. Wannan nau'in raƙumin dawa mai hasken fata babu inda ya rage a daji duk duniya sai Nijar. A 1996 guda 49 kawai suka saura, amma kafin a kwashi na Gadabeji sun haura 600. Ga barewa, ga jan biri, ga tuji, ga dila. A tafkin Madarumfa kuma, idan sanyi ya shigo, tsuntsayen ruwa suna sauka da yawa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, dattawan Baban Rafi sun san lokacin da giwaye ke ƙetarowa tsakanin dajinsu da dajin Rugu na Katsina, amma a duk shekarun aikina ban taɓa ganin hoton waɗannan giwaye da ɗan yankin ya ɗauka ba. Sun tafi, kuma ba mu da abin nuna wa jikokinmu. Wanda bai iya zama awa uku a gindin aduwa yana jiran barewa ba, kurmi ba zai ba shi komai ba.

Zubairu_Jami'a
Baba, ina girmama maganarka, kuma na yarda Gadabeji makaranta ce mai kyau. Amma ban yarda a ce wa ɗan Maraɗi ya tsaya a gida ba, alhali ba a taɓa ce wa ɗan Faransa ya gama ɗaukar hoton dabbobin ƙasarsu kafin ya zo Afirka ba. Hoton kurmi yana da tasirin da ya wuce ado a bango. Tsakanin 1999 da 2000 wani masanin daji ɗan Amurka, Mike Fay, ya taka da ƙafa fiye da kilomita 3,000 daga arewacin Kwango har bakin tekun Gabon, mai ɗaukar hoto Michael Nichols yana haɗuwa da shi a hanya. An nuna wa Shugaba Omar Bongo hotunan, kuma a 2002 ya keɓe gandayen daji 13 a lokaci guda, kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙasar. Idan hoto yana iya yin haka, me zai sa mu bar wa wasu wannan aikin?

Sani_Libarbil
Zubairu, labarin gaskiya ne, sai dai hoto kaɗai bai yi aikin ba. An haɗa shi da bayanan da aka tattara a tafiyar da kuma binciken da masana na ciki da wajen Gabon suka daɗe suna yi. Sannan 'yan ƙauyukan da suka ɗauki kaya suka share hanya da adda tsawon watanni, su ne suka sa tafiyar ta yiwu, kuma ba kowa ne ya san sunayensu ba.

Hadiza_Bagalam
Wannan batu na Malam Sani ya dawo da mu kan maganar Malama Rakiya. Keɓe daji ba kullum yake zama alheri ga mazauna cikinsa ba. A farkon shekarun 1990, da aka mayar da dajin Bwindi na Yuganda gandun gwamnati domin kare goggon birin tsaunuka, an fitar da al'ummar Batwa daga inda kakanninsu suka rayu, yawancinsu ba tare da an ba su wata ƙasar noma ba. Yau wasunsu suna sanya fatu suna nuna wa baƙi yadda ake kunna wuta da itace, ana ɗaukar su hoto ana biyansu. Mai kallon hoton zai ɗauka haka suke rayuwa, alhali da baƙi sun tafi za su mayar da rigunansu su koma ƙwadago a gonakin wasu. Ni ma mai ɗaukar hoto ce, kuma a ganina hoton da ya ɓoye wannan gaskiyar ƙarya ce, komai kyansa. Idan ka tarar da mafarauci sanye da rigar ƙwallo da waya a aljihu, to, haka za ka ɗauke shi, kada ka ce ya tuɓe domin ya yi kama da abin da ka zo nema.

Malam_Na_Limanci
Malamai sun yi saɓani a kan hoton kamara, kuma ba nan ne wurin warware shi ba. Amma babu saɓani a kan cewa ba a shiga gidan mutum sai da sallama da izini, ba a kuma leƙen al'aurarsa. Bukkar ganye a tsakiyar daji gida ce kamar kowane gida, kuma hurumin mai ita bai ragu ba don ba ta da ƙofa.

Lawali_Tibiri
To, yaya batun biyan kuɗi? Na halarci bikin Gerewol na Wodaɓe a wajen Ingal bayan damana, kuma na ga yadda wasu samari ba sa bari a ɗauke su sai an miƙa musu wani abu. Wasu baƙi suna ɓata rai, suna cewa an mayar da al'ada kasuwa. Ni kuwa ban ga laifinsu ba, domin fuskokinsu sun yi shekaru suna sayar da mujallu da kalanda a Turai, su kuma ko kwafi ɗaya ba a aiko musu ba.

Hadiza_Bagalam
Malam Lawali, ban ƙi a biya ba, amma miƙa kuɗi hannu da hannu a kan kowane hoto yana da illa, musamman ga yara, domin yana koya musu tare baƙi a hanya maimakon zuwa makaranta ko kiwo. Abin da na fi gamsuwa da shi shi ne a fara da gaisuwa wurin mai gari, a bayyana masa ta bakin tafinta inda hotunan za su je, a daidaita abin da za a bayar ga jama'a gaba ɗaya, sannan duk da haka a sake tambayar kowane mutum, domin yardar mai gari ba ita ce yardar matar da ke daka a bayan ɗakinta ba. Ina nuna wa mutum hotonsa a bayan kamara, idan ya ce bai so sai in goge a gabansa, kuma ina rubuta sunansa yadda shi ya faɗa.

Lawali_Tibiri
Hajiya Hadiza, a ƙauyuka da yawa abin da aka ba mai gari ba ya isa ga wanda aka ɗauka. Har yanzu ina ganin wanda ya tsaya gaban kamara shi ya fi cancanta ya karɓa.

Ɗan_Nola
Bari in koma kan tambayar farko. Na zauna a Nola da ke kudu maso yammacin Afirka ta Tsakiya ina kasuwanci, kuma daga can na gangara Bayanga na ga filin da ake kira Dzanga Bai. Fili ne buɗaɗɗe mai laka a tsakiyar kurmi, inda giwaye ke fitowa su nitsa dogon hancinsu a ramuka suna zuƙo ruwa mai gishirin ƙasa, kuma a yini ɗaya ana iya ganin 50 ko fiye. An gina dakali mai tsawo na katako a gefe, saboda haka matsalar duhun da Malam Sani ya ambata babu ita a nan. Giwar kurmi ta fi ta dajinmu ƙanƙanta, kunnenta zagayayye ne, haurenta miƙaƙƙe yana kallon ƙasa, kuma tun 2021 aka sanya ta cikin dabbobin da ke gab da ƙarewa. Kafin ka isa dakalin za ka ratsa rafi da ƙafa, ɗan ƙabilar Ba'aka yana gaba, kuma idan ya ɗaga hannu sai kowa ya ƙame, domin yana jin motsin giwa tun kai ba ka ji komai ba. Duk hoton da za ka samu a can rabinsa nasa ne. Sai dai kuɗin shiga da masauki na masu hali ne, hanyar daga Bangi doguwa ce mai wuya, kuma a watan Mayu na 2013, lokacin rikicin ƙasar, mafarauta sun kashe giwaye 26 a wannan filin.

Nana_Mai_Lissafi
Ga wanda ke tunanin goggon birin tsaunuka, takardar izinin ganinsa a Ruwanda dalar Amurka 1,500 ce ga baƙo daga wajen nahiyar, wato fiye da jika 800 na sefa, ko da yake akwai rangwame ga 'yan Afirka. Awa ɗaya kawai ake yi da su, mutum 8 a ayari, ba a kunna fitilar kamara, kuma mai mura ba ya shiga domin cutar mutum tana kama su. Kada kuma a manta da katin rigakafin shawara da maganin zazzaɓin cizon sauro.

Zubairu_Jami'a
Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar mutum ya tsaya gaban dabba. Goggon birin Kuros Riba, wanda ke kan iyakar Najeriya da Kamaru, bai kai 300 ba a duniya, kuma yana gudun mutane ƙwarai. A 2020 aka fitar da hotunan wani garkensu ɗauke da jarirai a tsaunukan Mbe, kuma kamarar tarko ce da aka ɗaure a jikin itace ta ɗauke su, wadda motsi ke tayar da ita. Ƙauyuka tara ne suke kula da wannan dajin, masu gadinsa kuma 'ya'yansu ne. Irin wannan kamara ba ta kai tsadar babban gilashi ba, kuma Baba zai iya gaya mana ko za a yarda a gwada ta a bakin ruwa a Gadabeji.

Tsohon_Jami'in_Daji
Ana iya nema, amma sai da takardar izini daga hukumar gandun daji, kuma a sanar da makiyayan da ke kewayen, domin kamarar tarko ba ta bambanta barewa da yarinyar da ta zo ɗiban ruwa. Ina kuma jan kunnen kowa cewa wayoyi da kamarori na yanzu suna liƙa wa hoto alamar wurin da aka ɗauke shi. Wanda ya wallafa hoton dabba da wannan alama ya nuna wa mafarauci hanya, don haka a kashe ta tun kafin a shiga daji. Batun tsaro ma ba abin wasa ba ne. A ranar 9 ga Agusta 2020 an kashe mutum 8 a Kure, Faransawa 6 da 'yan Nijar 2, ɗaya direba ɗaya jagoran baƙi. Dajin Baban Rafi da na ambata ba wurin shiga ba ne a halin da ake ciki, haka ma dajin Korup na Kamaru yana cikin yankin da ake rikici tun wajen 2017.

Alhaji_Ɗan_Goro
Na so in ambaci dajin Tayi na yammacin Kwaddibuwa, kusa da iyakar Laberiya, inda birai masu kama da mutum suke fasa ƙwallon itace da dutse. Masu binciken da suka fara aiki a can a 1979 sun shafe kimanin shekara biyar kafin biran su saba da su. Ɗana Habu, ka auna wannan da kwanakin da aljihunka zai ba ka damar yi.

Habu_Mai_Hoto
Na gode muku baki ɗaya, iyaye da yayye. Zan nemi izinin zuwa Gadabeji da sanyin bana kamar yadda Baba ya ce, amma ban fasa kurmi ba, kuma zuciyata ta fi karkata ga Gana saboda masauki. Batun biyan kuɗi kuwa har yanzu ban tsayar da magana ba, domin na ga hujja a wurin Hajiya Hadiza, na kuma gani a wurin Malam Lawali. Wata tambayar ta taso mini: idan na sayar da hoton mutum bayan shekara biyu, shin yardar da ya ba ni ranar farko ta wadatar?

Malama_Rakiya
A wurina ba ta wadatar ba, sai dai idan tun ranar ka gaya masa cewa sayarwa za ka yi kuma ya fahimci abin da hakan ke nufi. Ka karɓi lambar wayar tafintan ko ta wani a ƙauyen, domin ka samu hanyar komawa gare su da tambaya ko da rabonsu.

Lawali_Tibiri
A ƙauyukan da babu layin waya fa, Malama? Wurare da yawa a cikin kurmi sai an yi tafiyar yini kafin a samu inda waya ke kamawa. Malam Sani, masu hoton da ka raka yaya suke yi da wannan, kuma ka taɓa ganin wanda ya dawo wa mutane da hotunansu?